Keke ko mota: wa ke riga isa Maraɗi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a bakin hanyar Tsibiri da ta Jiratawa. Mai keke yana cewa shi ke riga isa Maraɗi. Mai jiran mota yana yi masa dariya, yana cewa yaushe ƙafar mutum ta kamo inji? Irin wannan gardama baki ba ya raba ta, sai lissafi. Tun da yanzu mun iya karatu da ƙidaya, to, kowa ya ɗauko alƙalami da takarda mu raba ta tare.

Maganar tana da amfani, domin mutane da yawa suna bin hanyoyin nan biyu kullum safiya. Akwai magina da leburori da masu gadi. Akwai ƴan lokol da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Akwai masu garka da ke kai zogale da tumatir da tattasai kasuwa, da matan rugga masu kai nono. Akwai kuma malaman makaranta da ma'aikatan likita da ke kwana Maraɗi, suna aiki a ƙauye. Duk wanda ya makara cikinsu akwai abin da ya rasa. Lebura ya tarar an ɗauki wani. Mai zogale ya tarar ganye ya yi yaushi, masu sari sun watse.

Tsawon hanyoyin

Tsibiri, garin Sarkin Gobir, tana arewa maso yamma da Maraɗi, kusa da babbar hanyar kwalta mai zuwa Gidan Rumji har Yamai. Gobirawa ne suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na shekarar 1836. Jiratawa kuwa tana kudu, cikin ƙasar Madarunfa, a gefen fadamar gulbi. Can ne aka gyara filin noman rani na fiye da hekta 500 a farkon shekarun 1980, ana ba shi ruwa da rijiyoyin burtsatse. Tun daga nan kayan garka ba su yanke zuwa birni ba, rani da damina.

Kowane cikin garuruwan nan biyu yana da nisan kilomita 10 da ƴan kai daga Maraɗi. Abin da ke ƙara nisan ko ya rage shi, unguwar da mutum ya nufa ce. Maraɗi ta yi faɗi ƙwarai. Tsohon gari cikin fadama yake, sai da ruwan gulbi ya ci shi a 1945 aka hau tudu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 260,000 a cikin birnin, kuma tun daga lokacin gidaje sai ƙaruwa suke. Wanda za shi Bagalam ko Mokoyo, da wanda za shi Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, ba tafiya guda suka yi ba.

Don lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauki kilomita 12. Wanda bai saba da kilomita ba, ya sani cewa kilomita guda taki ne wajen 1,300 zuwa 1,400 na babban mutum.

Mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda da ƙafa. Ke nan kilomita 12 awa biyu da rabi ne ko uku. Haka kakanninmu suka yi ta yi, su da jakunansu. Keke a kan kwalta, ba kaya, ba tsere, yana cin kilomita 15 a awa guda. Kilomita 12 minti 48 ke nan, mu ce minti 50. In an ɗaura masa kaya, gudun ya sauka zuwa kilomita 12, tafiyar ta zama awa guda cif. Mota mai gudun kilomita 60 kuwa, kowane minti guda kilomita guda take ci. Minti 12 ta iso.

Minti 12 da minti 50. Mai mota ya ce magana ta ƙare. Ya dakata tukuna.

Daga ƙofa zuwa ƙofa

Minti 12 ɗin nan na mutumin da motar tasa ce, tana tsaye a ƙofar gidansa, tankinta da mai, hanya kuma babu kowa. Ko shi ma ba ya samun su duka. Cikin gari doka ba ta yarda a wuce gudun kilomita 50 ba. Ga ƴan tudun da aka gina a kan kwalta don rage gudu, ga shingen jami'an tsaro, ga garken shanu da ke ƙetara hanya ba su san agogo ba. Mu ba shi minti 20.

Amma mu nawa ne ke da motar kanmu? Mafi yawanmu motar haya muke shiga. Motar haya kuwa ba ta zuwa ƙofar gidan kowa, kuma ba ta da lokacin tashi. Lokacinta shi ne in ta cika. Saboda haka lissafin gaskiya yana farawa daga sa'ad da ka fito zauren gidanka, ya ƙare sa'ad da ka sa ƙafa wurin aikinka.

Mu ƙaddara mutum ya fito gida ya taka zuwa bakin hanya ko tasha: minti 10. Ya jira: ran sa'a minti 10, ran da ba sa'a minti 40 ko fiye. Kamasho yana ta kira, saura mutum biyu, saura mutum biyu, alhali kujera biyar ce babu kowa. Mota ta tashi. A hanya ta tsaya ta sauke tsohuwa, ta tsaya a ɗaura buhu, ta tsaya direba ya sha mai na kwalba. Minti 12 sun zama 25. An iso Maraɗi, an sauke kowa a tasha. Wurin aikinka yana can wata unguwa: ko ka taka minti 15, ko ka sake biyan ɗan kabu-kabu.

Ku tara mu gani. Ran sa'a: 10 da 10 da 25 da 15, minti 60 ke nan. Ran da ba sa'a: 10 da 40 da 25 da 15, minti 90, wato awa guda da rabi.

Mai keke fa? Ya fito da kekensa daga zaure ya hau. Bai jira kowa ba. Bai sauka a tasha ba, sai a ƙofar wurin da ya nufa. Minti 50 ɗinsa suna nan yadda suke. Motar ta wuce shi a hanya, ta watsa masa ƙura, fasinjoji suna kallonsa ta taga da tausayi. Duk da haka sau da yawa shi ke riga su sallama. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana.

Akwai wani abu kuma da ya fi mintocin nan tsada. Mai keke ya san lokacin isarsa tun daga gida. In aiki ƙarfe 8 ne, ya tashi ƙarfe 7 ya isa da sauran numfashi. Mai jiran mota bai san ko yau ranar minti 60 ce ko ta 90 ba. Tilas ya yi shirin mafi muni kullum, ya fito tun ƙarfe 6 da rabi. Ran da ya yi sa'a, sai ya je ya zauna a ƙofar wurin aiki yana jiran a buɗe. Wannan zaman ma cikin tafiyar yake.

Cikin birnin kansa keke ya fi samun galaba. A 2015, lokacin bikin 18 ga Disamba da aka kira Maraɗi Kwalliya, an shimfiɗa kwalta a tituna da dama. Amma ran Litinin da ran Juma'a, ranakun babbar kasuwa, kwaltar ba ta isa. Manyan motoci da adaidaita da kabu-kabu da amalanken shanu duk suna neman hanya guda. Mota sai ta bi sahu tana ja kamar mai ciwon ƙafa. Keke ya ratsa ta gefe, ya bi lungu, ya jingina da bango inda mota ba ta da wurin tsayawa. Tafiyar kilomita 3 minti 12 ce zuwa 15 a keke.

Kuɗin mota ma lokaci ne

Ga inda lissafin ya fi daɗi, kuma nan ne mutane ba su cika dubawa ba. Kuɗin da ka miƙa wa yaron mota ba daga sama suka faɗo ba. Aiki ka yi ka same su, aikin kuma ya ci lokaci. Ashe wannan lokacin ma na tafiyar ne.

Tun daga watan Janairu na 2024, mafi ƙanƙantar albashi da doka ta yanka a Nijar jika 42 ne a wata. Mu ce mutum yana aiki kwana 26, kowace rana awa 8. Rana guda ta kama tamma 1,600 da ƴan kai. Awa guda ta kama tamma 200, wato dala 40.

Yanzu mu ƙaddara kuɗin mota dala 50 ne zuwa, dala 50 dawowa. Misali ne kawai, kowa ya goge ya sa abin da ake biya a garinsu. Dala 100 ke nan a rana, tamma 500. A wurin mai samun dala 40 a awa, dala 100 aikin awa biyu da rabi ne. Tun safe har wajen ƙarfe 10 da rabi, mutumin nan mai mota yake yi wa aiki. Abin da ya samu daga nan ne na tuwon gidansa.

Mu haɗa duka. Tafiya da dawowa a mota, mu ce minti 70 sau biyu: minti 140. Aikin biyan kuɗin mota: minti 150. Jimla minti 290, kusan awa 5 a kowace rana. Mai keke kuwa minti 100 ne zuwa da dawowa. Mu ƙara masa kuɗin faci da man sarƙa da sauyin taya, mu ce jika guda a wata. Aikin awa 5 ne a wata, wato minti 12 a rana. Bai kai awa biyu ba duka-duka. Gaskiya ne, shi ma yana shan nasa mai. Man keke fura ce, kuma mai tuƙa kilomita 24 a rana ba ya ƙoshi da ludayi biyu. Ko an sa kuɗin furar, tazarar tana nan da yawa.

A wata guda dala 100 sau 26 jika 13 ne. A wata biyar jika 65. Mai shakka ya shiga kasuwar Maraɗi ya tambayi kuɗin keke na hannu mai ƙwari, ya gwada da wannan.

Ba mu ne muka fara irin wannan lissafi ba. A 1974 wani masani haifaffen ƙasar Ostiriya, mai suna Ivan Illich, ya yi shi a kan mutanen Amurka. Ya tara lokacin da mutum ke yi cikin motarsa, da na neman wurin ajiye ta, da na aikin biyan kuɗinta da mai da haraji da gyara. Ya samu awa 1,600 a shekara, don tafiyar kilomita 12,000. In an raba, kilomita 7 da rabi ne a awa guda. Rabin gudun keken Tsibiri ke nan.

Amma a lura. Lissafin nan ba ya ba kowa amsa guda. Ƙaramar mota tana shan mai wajen lita 8 a kilomita 100, wato kusan lita 2 zuwa Maraɗi da dawowa. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita zuwa tamma 499. A wannan farashi lita 2 jika guda ce. A wurin lebura jika guda aikin awa 5 ne. A wurin babban ɗan kasuwa kuwa ko minti 5 ba ta kai ba. Shi lalle mota ta fi masa sauri, ba ƙarya ya yi ba. Mota tana gudu ne ga wanda awarsa ke da tsada. Kuskuren shi ne talaka ya ari lissafin alhaji.

Manomi da ba ya karɓar albashi ya auna da hatsi. Ya tambayi kuɗin tiyar gero yau, ya ga tiya nawa kuɗin motar wata guda za su saya. Makiyayi ya auna da ƙwaryar nono.

Kuma keke bai san wahalar mai ba. A ƙarshen watan Mayu na 2023, da Najeriya ta janye tallafin mai, man da ake shigowa da shi ta iyaka ya yi tsada, ƴan ruwa-ruwa na bakin titi suka ƙara kuɗin kwalba. A watan Maris na 2025 an yi ƙarancin mai a cikin ƙasa, motoci da babura suka yi dogon layi a gidajen mai, ko da yake muna da matatar Damagaram tun 2011. Duk ranakun nan minti 50 ɗin mai keke ba su ƙaru da ko guda ba.

Inda keke ke sarawa

Kada wani ya ce an zo tallar keke. Akwai wuraren da ba ya iya komai.

Na farko rairayi. Duk lissafin da muka yi na kwalta ne da hanyar burji mai ƙarfi. Wanda garinsu ke kan jigawa, kilomita 3 ko 4 daga bakin titi, ya san labarin. Taya ta nutse, feda ta ƙi juyawa, mutum ya sauka yana tura keke kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. A nan gudunsa bai kai na mai ƙafa ba. Ga ƙaya kuma. Tsidau da ƙayar aduwa ba su jin kunyar taya. Faci guda yana cin minti 15 zuwa 20 in mai faci yana kusa. In ba ya kusa, an kwana biyu ana ba da labari. Shi ya sa makiyayi da ke can cikin daji har yanzu jaki da raƙumi sun fi masa. Da damina kuma, in gulbi ya kawo, laka da ruwa suna tsai da mutanen ƙetare, masu keke da masu mota baki ɗaya.

Na biyu kaya. Buhun zogale yana da girma amma ba nauyi, keke yana ɗaukarsa lafiya in an ɗaure da kyau. Buhun gero na tiya 40 kilo 100 ne. Ana ganin masu ɗora shi, amma wayoyin ƙafar baya ne ke biya, birki kuma ba ya kamawa. Kwandon tumatir cikakke ma ba ya son girgiza. Mai kaya da yawa ya nemi a-kori-kura ko amalanke.

Sai rana. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40 a Maraɗi. Tafiyar safe ba laifi. Amma mai dawowa da azahar, minti 50 ɗinsa sun zama awa guda da kwata, ya iso jiƙe sharkaf, bai iya taɓa komai sai la'asar. Gara ya jira rana ta yi sanyi, gorar ruwa kuma kada ta rabu da shi. Iska ma tana da nata hukunci. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. Mutumin Jiratawa da ya nufi arewa da safe yana karo da shi, sai da yamma ya turo shi gida. Da damina abin ya juya, iskar kudu maso yamma ce ke raka shi birni. Mutumin Tsibiri kuwa ta gefe iskar ke dukansa, rani da damina.

Marar lafiya da mace mai naƙuda da wanda maciji ya sara, waɗannan ba a yi musu lissafin dala. A nemi mota ko da shata ce, a kai su asibiti nan take. Tsofaffi ma haka.

Akwai kuma waɗanda gardamar ba ta kai gare su ba, su ne mata. A ƙasarmu ba kasafai ake ganin matar aure a kan keke ba. Saboda haka su ne suka fi kowa zaman bakin hanya, da ƙwarya a gabansu, nono yana tsami, rana tana hawa. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, mata suna tuƙa keke da goyo a baya da kaya a kariya, ba mai waiwayensu. A nan ƴan mata ƴan lokol sun fara hawa. Uban da ya saya wa ɗiyarsa keke ya rage mata tafiyar awa guda zuwa minti 20, ta isa aji ba ta gaji ba.

Babur fa? In maganar agogo ce kaɗai, shi ya cinye gasar. Yana tashi daga ƙofa kamar keke, yana gudu kusan kamar mota, rairayi ma yana ratsa shi. Shi ya sa samari suka raina keke. Dā, zamanin da gyaɗa ke da kuɗi, wanda ya sayar da amfaninsa ya sayi Raleigh daga Kano, gari duka sai an zo kallo. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha. Yau saurayi yana jin kunyar zuwa zance da keke. To, babur shi ma a sa shi cikin lissafin nan: kuɗin saye, mai, baƙin mai, takardu, gyara. A ƙara da abin da ɗakin masu karaya ke ci, domin faɗuwar mai gudun kilomita 60 ba irin ta mai gudun 15 ba ce.

Hatsarin mai keke ba daga gudunsa yake zuwa ba, daga na wasu ne. Hanyar Tsibiri manyan motoci ne ke bin ta dare da rana, ba a kuma ware wa keke nasa gefe ba. A nan Nijar hannun dama ake bi. Mai keke ya riƙe damansa, can bakin kwalta. In abokai ne su bi juna ɗaya bayan ɗaya, kada su jeru suna hira. In ya ji ƙugin babbar mota a bayansa, wata kuma tana tahowa ta gaba, ya sauka gefe ya bar su su wuce. Minti guda ne ya rasa.

Masu garkar Jiratawa da ke son riskar masu sari suna fitowa tun da sauran duhu, leburori kuma suna komawa bayan magariba. Direba ba ya ganin keke marar fitila sai ya zo dab da shi. A sa fitila a gaba, a liƙa jan abu mai ƙyalli a baya, a sa riga mai haske. Ƙaramar tocila da aka ɗaure da roba ma ta yi. Kafin a kwanta a taɓa taya a ji iska, a ja birki a ga ya kama, a ɗiga wa sarƙa mai. Taya mai ƙarancin iska tana ƙara wa tafiya nauyi, kuma ita ce ta fi saurin fashewa. Mai bin hanyar kullum ya ajiye abin ba da iska da ɗan ƙyallen faci da gam a cikin jakarsa.